Hanyar da ta Ratsa Gidanmu

Wata Asabar ce a farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu, mota ta sauke bulo a ƙofar gidanmu da ke bakin Samaru. Baba, wanda malamin makaranta ne, ya tsaya da igiyar awo yana nuna wa magini inda katanga za ta bi. Mama tana tankaɗe a gindin gwaiba, ko kai ba ta ɗaga ba. Mu kuwa mun san irin wannan shirun nata.

Gidanmu ne na ƙarshe a layin. Daga bayansa sai gonakin masara da suka miƙe har Bomo. Tun kafin Baba ya sayi filin akwai 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa shi, da aka yi gini kuma hanyar ba ta kauce ba. Kullum da safe ina cikin shara matan Bomo ke wucewa ta tsakanin madafa da rijiya, ɗauke da tumatir da alayyafo za su kasuwa. Su yi sallama, su sha ruwan randa, wata ta kwance goyo ta huta a tabarmarmu. Da yamma hanyar ta zama filin wasa, ni da ƙanena Ishaku da 'ya'yan Mama Ngozi, maƙwabciyarmu mai shagon atamfa a Sabon Gari, mu yi ta carafke da 'yar gala-gala har a kira mu jan ruwa. Amma a shekarar an ɗauke keken Baba da rana tsaka, awakin unguwa kuma suka cinye masa kuɓewa. Ya ce ya gaji da zama a kan titi.

Ana cikin awo sai ga Iya Talle, tsohuwar da ke kawo mana daddawa. Ta sauke ƙwaryarta, ta dubi igiyar da aka ja a gabanta. In aka toshe nan, sai ta zagaya ta bakin kwalta, ga ta da ciwon gwiwa.

"Malam, gidanka ne," in ji ta. "Sai dai a gaya mana ta inda za mu bi."

Baba ya fara bayanin keke. Nan Mama ta ajiye rariya, ta kira shi da sunana kamar yadda ta saba. "Baban Saratu, ranar da naƙudar Ishaku ta kama ni kana makaranta, wa ya ji ni? Mai wucewa ce. Ga ta nan tsaye."

Baba ya juya wajen magini. Ya ce masa a yi katangar, amma a bar ƙofa gaba da baya, kada kuma a sa kwaɗo. Magini ya ce to katangar ta mece ce? "Ta awaki ce," in ji Baba. Iya Talle ta yi dariya, ta ɗauki kayanta, ta tsallake igiya ta wuce.

Yau gonakin nan sun zama ɗakunan hayar ɗalibai, kowane gida da doguwar katanga da fasassun kwalabe a kanta. Ni ma a irinsa nake zaune, ban san sunan maƙwabcina na hagu ba. Amma a gidan da mutane ke bi ta cikinsa na tashi, shi ya sa har yau baƙon ido bai taɓa ba ni tsoro ba.