Shafin da Suka Ajiye

Da aka ba mu jiha, aka dawo da ni Dutse daga Kano, na zo da akwati biyu. Ɗaya na tufafi, ɗaya na littattafan da na tara a shekarun da na yi ina koyarwa a Jamaika da Tirinidad: waƙoƙi da labarai na jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu, wasu da Turanci, wasu da Faransanci, da littattafan sharhi a kansu. Ɗakin da na kama a unguwar Yalwawa ya yi musu kaɗan, ga gara. Sai na kai su ɗakin karatu na wata sakandare, kyauta. Burina yaranmu su san muna da dangi a hayin teku, masu zambo cikin waƙa kamar maroƙanmu.

Akwai wanda na fi so. Sharhi ne a kan waƙoƙin masu yankan rake, a tsakiyarsa da hoton wata takarda da wani bawa ya rubuta ayoyi da ka, bayan ya tsufa a gonar Bature. Hannunsa sak na malaman Ringim.

Shari'a ta zo, na yi murna kamar kowa. Makarantar ta naɗa malamai su tace littattafai. Ba wanda ya neme ni. Wata Laraba na sayi ƙosai a bakin tasha, na warware takardar, sai ga wani baiti da na sani daga littattafan nan nawa, mai ya jiƙe shi sharkaf.

Na nufi makarantar. Shugabanta tsohon ɗalibina ne. Ya rusuna ya gaishe ni.

"Ina littattafan?"

"Ranka ya daɗe, an ga giya da rawa a ciki, aka ce a fitar. Masinja ya raba wa masu tuya."

"Kun karanta?"

"Wai! Baba, wannan Turanci ai na 'yan tasha ne. Amma ba mu yi sakaci ba."

Ya jawo durowa, ya ciro ambulan. Shafin nan ne mai hoton ayoyin bawan, an yanke shi da reza tsaf.

"Akwai sunan Allah. Ba ma bari ya taɓa ƙasa."

Na san al'adar. Ni ma in na ga Larabci a hanya, ɗauka nake na soke a tsagar bango. A Alƙahira na ga ana naɗe gyaɗa da jaridar Larabci, na ji daɗi a raina cewa mun fi su ladabi.

"Wane shehi ne ya rubuta, Baba? Hannun ya yi kyau."

Na ce bawa ne, mai yankan rake. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

Sunan mutumin, da garin da aka kamo shi, suna shafin da ke kallon wannan. Shi an naɗe ƙosai da shi. Na karɓi ambulan ɗin, yana nan cikin Alƙur'anina. Sunan kuwa na yi, na yi, ya ƙi dawo mini.