Shawarar da ta ɗaure ni a bakin boda

A gidanmu, idan ka nemi shawarar babba, to an gama yanke hukunci ke nan, sai dai ba kai ka yanke ba. Tun ina yaro na san haka. Ban dai taɓa zaton dokar za ta bi ni har wurin aiki ba.

Lokacin ina aiki da wani kamfanin dakon kaya mai reshe a bakin bodar Jibiya, ni ne mai kula da kwamfutoci. A takarda sunan aikin dogo ne mai daɗin ji. A zahiri kuwa ni ake ƙwala wa kira in sabis ya ɗauke, ko firinta ta cije takarda, ko wayar wani ta kama layin Nijar ta ƙi saki. Direbobin Maraɗi su jera manyan motoci maƙare da wake da albasa, su riƙa leƙowa ta taga suna tambayar sabis, wanda suke kira rezo, suna cewa, "Injiniya, rezon bai dawo ba? Tun hantsi muna nan." Digirina na kimiyyar kwamfuta yana cikin akwati, ni kuma ina kan rufin kwano da tsakar rana ina juya eriya.

Kamfanin yana da wani tsari: in ma'aikaci ya daɗe, za a ɗauki nauyin digirinsa na biyu, amma sau ɗaya tak. Da layi ya zo kaina ban yi dogon tunani ba. Tsaron bayanai nake so in karanta, wato yadda ake hana ɓarayin intanet kutsawa cikin na'urorin kamfani. Ana ta raɗe-raɗin hedkwata za ta buɗe sashe na musamman don haka, kuma babu mai wannan ilimin a cikinmu. Na nema a wata jami'a mai nisa, karatun zama ne gaba ɗaya, suka ba ni gurbi. Ranar ji na yi kamar an buɗe mini taga a ɗakin da na daɗe ina gumi.

Na kai wa Baba labari a rumfarsa ta hatsi. Ya yi murna, ya sa albarka, sannan ya ce, "Ka hwaɗa ma Alhaji?"

Alhaji shi ne manajan reshenmu. Abokin Baba ne tun suna makarantar allo, kuma shi ya sa baki aka ɗauke ni aiki. Na ce ai dole takardar ta bi ta teburinsa ya sa hannu.

"Sa hannu daban, shawara daban," in ji Baba. "Ba a bi ma babba da takarda kamar baƙo. Ka iske shi gida, ka nemi shawararshi. Girmamawa ce kawai."

Bayan la'asar na sami Alhaji a zaurensa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na zayyana masa komai. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya yaba mini sosai, har na fara sakin jiki. Sai ya gyara zama.

"Ɗana, taɓa inji aikin yara ne. Kai manaja muke son ka zama. Ga karatun gudanar da kasuwanci nan Katsina, Asabar da Lahadi, kana aikinka kana karatunka. Ga mahaifinka kusa, ga hanyoyin nan ba lahiya. Mi za ka nema can wata uwa duniya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na riga na samu gurbi a can."

Ya yi murmushi. "To, in ka riga ka yanke, mi ya kawo ka?"

Na yi masa sallama na fito. Kafin in iso gida ya riga ya kira Baba a waya, yana yaba masa tarbiyyata. Na yi ta ƙoƙarin nuna wa Baba cewa karatun biyu ba su haɗa hanya ba, kuma damar ba ta dawowa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ka tambaya, an ba ka amsa. In ka tsallake, da wane ido zan dube shi a masallaci?" Shi da kansa ya aike ni, shi ya ce girmamawa ce kawai, amma a lokacin bai ga wani abin mamaki a maganarsa ba.

Haka na bar gurbina ya bi ruwa. Duk Asabar in yi sammako in shiga mota, mu wuce Daddara, mu tsaya a shinge, mu tashi, mu sake tsayawa a wani, har Katsina. Ajinmu cike yake da ma'aikatan banki da masu neman kansila, kowa takardar yake so ba karatun ba. Malami yana bayanin yadda ake tafiyar da ma'aikata, wayata tana ta kaɗawa a aljihu, sabis ya ɗauke a boda. Sai in sunkuya ƙarƙashin tebur in raɗa wa akawunmu wace waya zai zare, wace zai mayar. Na ci jarrabawa da kyau, don ban iya yin abu rabi da rabi ba, amma ko sau ɗaya karatun bai shiga raina ba.

Ban daɗe da gamawa ba hedkwata ta buɗe sashen nan. Na nema. Wani mutum mai laushin murya ya kira ni, ya ce digirina yana da kyau ƙwarai, sai dai ba irinsa suke nema ba. Wata ma'aikaciyar reshen Kano aka ɗauka, wadda na riga ta shiga aiki da nisa, ita ta karanta abin da na so karantawa. Ba ni da komai a kanta. Manajancin da aka yi mini romon baka da shi kuwa, ashe daga hedkwata ake turo manajoji, kuma Alhaji ya fi kowa sanin haka.

Duk da haka na riƙa ba shi uzuri. Ina cewa dattijo ne, zamani ya wuce shi, da zuciya ɗaya ya ba ni abin da ya sani. Da wannan na riƙa lallashin kaina har ya yi ritaya.

An yi masa walima a harabar ofis. Aka kafa rumfa, direbobi da 'yan dako da 'yan kasuwa suka cika wurin, Baba yana sahun gaba cikin babbar riga. Ni na haɗa lasifikar. Alhaji ya yi ta godiya ɗaya bayan ɗaya, can sai ya nuno ni da hannu.

"Kun ga yaron ga? So ya yi ya tahi karatu nesa. Na ce a raina, in ya koyo abin nan hedkwata ɗauke shi za su yi, mu wa zai gyara muna? Sai na yi dabara na riƙe shi. Ga shi nan, bai taɓa barin mota ta kwana nan don sabis ba!"

Wuri ya kaure da dariya da tafi. Wani direba ya daki kafaɗata yana cewa, "Injiniya namu!" Ni kuwa ɗacin maganar nan har yau bai bar ni ba. Ba a ɓoye Alhaji ya faɗa ba, bai ma ga abin ɓoyewa a ciki ba. Baba ya waiwayo fuskarsa cike da fara'a, ya yi mini alama da ido, na tashi na rusuna na yi godiya.

A hanyar gida ina ɗauke da Baba a babur, ya matso kusa da kunnena saboda ƙarar motoci.

"Ka ji yadda ya yabe ka gaban jama'a?"

Na ce, "Na ji, Baba."