Ƙunshin Kifi Daga Bakin Teku

Ina tsintar shinkafa a tsakar gidanmu na Ƙofar Ran aka yi sallama. Abokin sana'ar ƙanina ne, ya taso daga Kudu, inda suke kamun kifi a bakin teku. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Ciwon ƙirjin nan na ƙaninki ya zama ajali." Sannan ya ajiye ƙunshin banda da marigayin ya ɗaure mini tun kafin ya kwanta.

Duk shekara ƙanin nawa yakan aiko mini da bandan kifi. A 'yan shekarun nan kifin ya ƙanƙance, in ya shiga miya kuma sai ta riƙa warin kananzir. Na taɓa yi masa tsiya a waya, na ce ya koyi rowa, yana sayar da mai kyau yana turo mini ragowa. Dariya kawai ya yi.

Da masu gaisuwa suka ragu, na tambayi baƙon dalilin warin. Ya ce ɗanyen mai da dattin masana'antu sun lulluɓe ruwan, da safe sukan tarar da kifi ya taso matacce.

"Wanda yake aiko miki shi ne zaɓaɓɓe, Yaya. Sai ya yi nisa cikin teku yake samo shi. Wanda muke ci, ko kusa da shi ba za ki iya zuwa ba."

Na kasa ɗaga kai in dube shi. Ƙunshin yana nan rataye a madafa, har yau ban kwance shi ba.