Gwaiwata da Bunsurun Ubangiji

Salama gare ku, 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba, har wasu na tambayar matata ko na koma ƙauye. Ban koma ba. Asibiti na kwanta, kunya kuma ta ɗaure min baki.

Aikin gwaiwa aka yi min. To, na faɗa. Mai dariya ya yi abarsa, kada dai a sa ni, wurin ɗinkin bai gama saki ba.

Kun san injin niƙa gare ni a Takur. Shekara uku da suka wuce na sunkuci buhun masara, na ji wani abu ya ce ƙis a marata. Ya fito kamar ƙwan zabo. Na ce baƙo ne, zai tafi. Ashe da tabarmarsa ya zo.

Na koma sa manyan riguna, mutane suna cewa Bulus ya yi kuɗi. Alhali man inji ya yi tsada, ciniki ya ja baya, wata rana ko cefane sai an yi dabara.

Ranar da abin ya murɗe ni har na yi amai a bakin inji, Maman Ladi, matata, ta tare adaidaita sahu ta kai ni asibiti. Likita ya latsa, ya ce, "Malam, hanjinka ne ya sauko. Ranar da ya shaƙe, ba za ka samu lokacin neman kuɗi ba."

Na ce nawa ne aikin? Ya ce dubu ɗari da tamanin, ban da gwaje-gwaje. Nan take na ji ciwon ya ɗan lafa.

Amma na ji tsoro ƙwarai. 'Ya'ya uku gare ni, babbar ko firamare ba ta gama ba.

A cocinmu, bayan kaka muna yin sujadar godiya. Kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa, dawa ko gyaɗa ko kaza, a yi gwanjonsu don aikin ikilisiya. Ni kuwa tun farkon shekara na miƙe gaban jama'a na yi alkawarin jan bunsuruna mai tsagaggen kunne. Dusar inji yake ci, ya yi ɓul-ɓul.

Ran kasuwar Jahun na ce zan je sayen kayan gyaran inji. A can na sayar da jan bunsurun dubu sittin, na sayo wani ƙanjamamme na dubu goma sha biyar. A raina na ce ai bunsuru bunsuru ne.

Maman Ladi ta dube shi ta ce, "Baban Ladi, wannan ko kura ta gan shi sai ta ba shi sadaka. Ni dai ba ruwana, tsakaninka da Mai bunsurun."

Awon jini da hoton ciki da magani suka lashe kuɗin. Aiki yana nan yana jirana.

Ranar godiya na ɗaure ƙanjamammena a bayan coci, na zauna can baya. Ana cikin waƙa sai ga Baba Dattijo, babban dattijon ikilisiyarmu, yana jan tasa baiwar da ya saya hannun wani dillali.

Jan bunsuru ne, mai tsagaggen kunne.

Na sunkuyar da kai ina addu'ar da ban taɓa yin irinta ba: Ya Ubangiji, ka sa ya manta ni. Bai manta ba. Ya shaƙi ƙamshin dusa, ya fizge igiya, ya ratso tsakiyar mata, ya cusa kai cikin babbar rigata.

Shugabar zumuntar mata, wadda kullum take kawo niƙa wurina, ta ce da ƙarfi, "Af! Wannan ba bunsurun alkawarin Bulus ba ne?"

Ba wurin gudu. Fasto ya miƙo min abin magana, na faɗi komai, har kalmar gwaiwa, a lasifika, gaban surukata.

 Sai Baba Dattijo ya ce, "Shekara uku, ɗana? Ni tawa wata biyu ta yi na kai aka gyara. Ka ji kunyarmu, ka rasa wanda za ka yi wa wayo sai Allah?" Aka fashe da dariya, ni kuwa hawaye nake yi.

Dattawa suka yi shawara, Fasto ya ce kuɗin bunsurun na aikina ne. Aka buga gwanjo, wani ya saya, ya ce, "Na mayar wa Ubangiji." Aka sake bugawa, wata ta saya ta mayar. Sau bakwai aka sayar da bunsuru ɗaya. Har ƙanjamammen ma sau biyu ya samu ciniki, don tausayi. Maƙwabcina Alhaji mai shago da ya ji labari ya cika ragowar.

Ranar aiki aka hana ni ko ruwa, aka sa min rigar da ba ta rufe baya, aka yi min allura a gadon baya. Ina jin likita yana hira, ina karanta Zabura a zuci. Kwana biyar aka sallame ni, nas ta ce kada in ɗaga abin da ya fi buta nauyi har wata uku.

Na gode wa Allah, da likitoci, da ikilisiya, da Alhaji, da Maman Ladi da ba ta taɓa cewa "ai na gaya maka" ba sai sau huɗu.

Maza, in kun ji kumburi a mara, ku je asibiti tun yana ƙarami. Ku gaya wa matanku. In babu kuɗi, ku buɗe baki ku faɗa. Shekara uku na yi ina roƙon Allah ya aiko min da taimako, ina kuma ɓoye ciwona ga mutanen da zai aiko.

Wanda kunya ta hana shi zuwa, ya same ni a inji. Ba zan tambaye shi komai ba, ni zan raka shi wurin likita.