Allon Bakin Kurmi

Ina cikin shekarata ta uku a wata ƙungiya mai kare dazuzzuka a Washington lokacin da abin ya faru. A garin Laurel da ke kusa muke zaune da matata da 'ya'yanmu biyu, kullum da safe in hau jirgin ƙasa in tafi, da yamma in dawo. Aikina ba wani babba ba ne. Ma'aikatanmu na Afirka sukan shiga ƙauyuka su tara jama'a, su naɗi abin da aka faɗa su turo, ni kuma in saurara in mayar da Hausar Turanci. An ɗauke ni ne don ina jin Hausa, kuma ni ɗan kurmi ne. A kudancin Taraba aka haife ni, a wani ƙauye da kurmi ya kewaye ta gefe uku. Muna da yarenmu, amma da Hausa ake cin kasuwa, da ita ake taro da baƙi.

Zamana a ƙasar nan a wuyan ofishin yake rataye. Lauya ya gaya mini tun farko: kada ka bar aikin, kada ka fita daga ƙasar, sai katin zama ya fito. Matata da yaran kuma a kan takardata suke.

Wata Talata aka turo sabbin muryoyi na wani shiri da za a fara a jiharmu. Ban duba sunan ƙauyen ba, na kunna kawai. Tarin mai unguwa na fara ganewa, wani busasshen tari da yake yi kafin ya buɗe baki tun ina yaro. Maza suka yi magana ɗaya bayan ɗaya. Can sai wata tsohuwa ta ce a ba ta wuri, ita ma tana da ta cewa. Goggona ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Da namijin goro da goron biri da take tsintowa a kurmi ta yi mini makaranta.

Ta ce, "Mu ba ma sare itacen da yake ciyar da mu. Sai ɗan itacen ya faɗo da kansa muke ɗauka. Akwai wurin da ko kakana bai shiga da gatari ba, kowa a nan ya sani. Waɗanda suka kwashe itatuwan madobiya da manyan motoci suka zo, da takardu a hannunsu, ba mu muka kira su ba. Sun ci sun tafi. Yanzu mu za a rufe wa hanya? Ku bar mana ko da kwana biyu ne a mako, mu mata, da kwandunanmu. Ku sa a bincike mu in mun fito."

Kwana biyu na yi a kan maganar nan tata. Ban bar ko kalma ɗaya ba. Na yi ta sauya Turancin don mai karatu ya ji cewa ba roƙo take yi ba, shawara take bayarwa. Da rahoton ya fito, na bi shi shafi-shafi. Taron ƙauyenmu gaba ɗaya layi ɗaya ya samu: jama'a sun yi maraba da shirin, tare da 'yan ƙorafe-ƙorafe.

Na je wurin shugabar sashenmu. Mace ce mai kirki, ta yi shekaru a dazuzzukan Afirka tun tana budurwa, kuma lokacin da matata ta haihu har gida ta zo mana da abinci. Na ajiye mata fassarar a gabanta.

Ta ce, "Na karanta, sau biyu ma. Tsohuwar nan ta fi mu sanin wurin. Amma masu ba da tallafin sun sa sharaɗi, tsakiyar kurmi babu mai shiga. In muka buɗe wa masu kwando, masu zarto za su bi sawunsu. Ka fi ni sanin abin da ya samu tsaunukan da ke gabas."

Na sani. Na gan su da idona zuwana na ƙarshe, an aske su tas, ruwan sama yana wanke jar ƙasa zuwa rafi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba ƙarya take yi ba. Ban gaya mata tsohuwar goggona ce ba. Na ji tsoron a ce ina da son kai a ciki, a cire ni daga shirin, in rasa ko ɗan abin da nake iya gani.

Na rubuta takarda mai shafi uku, na kawo shawarar a yi wa matan kati, a riƙa ƙirga su a bakin hanya. Aka yi miting a kai, aka yaba. Abin da aka amince da shi shi ne su yi tsintuwa a gefen kurmi, iyakar inda za a kafa alluna. Duk wanda ya tashi a can ya san itatuwan gefe ƙanana ne, manyan da suke zubar da 'ya'ya suna can ciki, tafiyar rabin safiya.

Bayan mako biyu aka turo mini abin da za a rubuta a allunan, in mayar Hausa. Na dawo gida da shi a jaka. Matata tana yanka albasa na gaya mata ina jin ajiye aikin zan yi.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "In ka ajiye, allon zai fasa tsayawa? Wani za su ba, ya rubuta. Mu kuma mu tattara yaran nan a tsakiyar zangon karatu mu nufi ina?"

Washegari na zauna a kai. Na gwada "An hana sara da farauta" na goge, domin akwai mai dubawa a ofishinmu na Nijeriya, kuma ba abin da aka ba ni ke nan ba. Na rubuta "An hana shiga daga nan." A ƙasa na ƙara "Don Allah a yi haƙuri." Babu wannan a Turancin, amma ba wanda ya cire.

Wata uku bayan haka, ranar Lahadi da la'asar, 'yar Goggo ta kira ni ta miƙa mata wayar. Muka gaisa, ta tambayi yaran. Na kira su, suka ce sannu, suka ƙarasa sauran gaisuwar da Turanci suka koma ɗaki.

Ta ce, "Ɗan nan, an kafa mana alluna. Malamin makaranta ya karanta mini. An ce a ofishinku aka yi."

"Haka ne, Goggo."

"Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Goggo."

"To," ta ce. "Na ce da su wannan haƙurin ba na gwamnati ba ne. Ai gara kai da wani."

Ba ta ƙara komai a kai ba. Ta ba ni labarin akwatunan zuma da aka raba musu a madadin tsintuwa, wai nata biyu har yanzu ƙudan zuma bai shiga ba, sai ƙadangaru. Ta ce bana itatuwan ciki sun yi 'ya'ya sosai, tana jin warinsu in iska ta juyo, suna ruɓewa a ƙasa. Ta koma noman rogo a bayan gida. Sannan ta tambaye ni yaushe zan zo. Na ce sai takarda ta fito. Ta ce wace irin takarda ce wannan da ba ta fitowa.

Daga baya na gaya wa shugabarmu gaskiya, cewa tsohuwar goggona ce. Ta ce za a tura mutum ya duba shirin, in ina so ta sa sunana. Na kira lauya, ya ce kada in kuskura, in na fita ba lallai in dawo ba. Wani abokin aikina Ba'amurke aka tura. Na je wani kanti a Landover na sayi turmin atamfa da man zafi don gwiwar Goggo da ta daɗe tana damunta, na naɗe na ba shi, na kwatanta masa gidan da ke kusa da rijiya.

Da ya dawo ya same ni a teburina. Ya ce ta karɓa, ta sa albarka, ta tilasta masa ya ci tuwon rogo. Ta kuma ce ya gaya mini kada in damu da gwiwar, da sauƙi sosai, tunda yanzu ba ta tafiya mai nisa.