Baba Matso da Hoton Kunnen 'Yata

Kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe za ka gan shi ya jingine kekensa a bayan ɗakin magani na asibitin garinmu, ya kwance jakar nan tasa da zif ɗinta ya mutu tun ba yau ba. Kafin ya gaisa da kowa sai ya wanke hannu har gwiwa, sannan ya zauna ya goge gilashin kyamararsa da wani ƙyalle da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. A takarda, aikinsa a asibitin shi ne ɗaukar hoton katin ma'aikata da hoton ciwo: gyambo, ƙuna, ƙurji, duk abin da likita ke son ya gwada da na mako mai zuwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi.

Sunansa na yanka yana nan a katinsa, amma Baba Matso kowa ya sani. Ba ya ɗaukar hoto daga nesa. "A matso," zai ce, in kuma abin ba mai matsowa ba ne, shi zai matsa har hancinsa ya kusa taɓa shi. A jakarsa akwai 'yar tocila, da farin hankici, da murfin kwanon silba da ya sha goga. Nas-nas kan tsokane shi, "Baba, girki za a yi ko hoto?" Shi kuwa ko a jikinsa. Babbar nas ta ɗakin jarirai ta shaida mini cewa a duk shekarun nan bai taɓa kunna filashi a ɗakinta ba, don kada ya cutar da idon da bai gama buɗewa ba.

Ni malamin makaranta ne, bakina ba ya gajiya, amma akwai kwana uku a rayuwata da surutu ya gagare ni. Maiɗakina ta haihu ta hanyar tiyata, cikin na wata bakwai. Aka sa jaririyar a kwalbar renon bakwaini a hawa na ƙasa, ita kuma uwar tana sama, jininta ya hau, an hana ta ko sauka daga gado. Ba ta ga 'yar ba ko sau ɗaya. A rana ta biyu ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, don Allah ka faɗa mini gaskiya. An binne ta, ko?" Na rantse har na gaji, ba ta yarda ba. Ta daina cin abinci. Ga shi kuma nas tana cewa ba abin da jaririyar ke buƙata kamar nonon uwarta, a tatsa a kai mata.

Sai na yi dabara irin tawa ta mai ilimi. Na sauka na ɗauko hoto da waya. Wayar kuwa ba ta bar komai ba: tiyo a hanci, wayoyi a ƙirji, filasta, inji, har kwandon shara na bayan gado ya fito fes. 'Yar tawa tana can tsakiya, ƙanƙanuwa, da ƙyar ake gane ta. Maiɗakina ta duba, ta juya fuska bango. "Wannan ai inji ne ke numfashi," ta ce. "Kuma ta ina zan san tawa ce?" Wallahi ranar na ji haushin kaina.

Babbar nas ce ta tura ni wurin Baba Matso. Ya karɓi wayar, ya ɗaga ta nesa da ido, ya girgiza kai. "Malam, hoton ɗaki ka ɗauka, ba na 'yarka ba. Mu je."

Na tsaya bayan gilashi ina kallonsa. Ya goge kayansa kaf da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya roƙi nas ta ja labulen taga faɗin tafin hannu kawai, haske ya shigo ta gefe. Ya jingine murfin kwanon a ɗaya gefen don ya mayar da hasken kan fuskarta, ya naɗe tocilar da hankici har haskenta ya yi laushi. Sannan ya durƙusa, dattijo da ciwon gwiwa, ya kai kyamara bakin 'yar tagar kwalbar, ya jira. Ya fi rabin awa a haka, har sai da jaririyar ta juya kanta don kanta. Da ya fito yana ɗingishi ya ce mini, "In ka matsa kusa, ka buɗe idon kyamara sosai, abu ɗaya ne zai fito tar, sauran duk su narke. Aikin shi ne ka san wanne za ka zaɓa."

Kunne ya zaɓa. Kunne da gefen kumatu, da 'yan siraran gashi da hasken ya bi ɗaya bayan ɗaya. Saman kunnen ya ɗan lanƙwashe, abin da ni uban ban lura da shi ba. A baya kuwa, fitilun injin sun koma ɗigo-ɗigo masu laushi, kore da ja, kamar duwatsun wuya a cikin ruwa. Wani likita ya leƙa ya ce, "Baba, wannan ba yaudara ba ce?" Baba ya nuna masa da yatsa. "Likita, ban cire komai ba. Ga tiyon can, ga injin. Cewa kawai na yi su ja baya."

Ya wanke hoton, ya hau benen da kansa. Maiɗakina ta daɗe tana kallon hoton. Can sai ta kai hannu ta shafa nata kunnen. "Kunnen babanmu ne," ta ce, hawaye na zuba. "Duk gidanmu haka muke." Sai ta dube shi. "Baba, tiyon fa?"

"Yana nan, 'yata, ba zan ɓoye miki ba. Tana buƙatarsa tukuna. Amma abin da ta fi buƙata yana wurinki."

Ta share fuska, ta ce a haɗa mata shayi, a kuma kira nas ta kawo kofin tatsa.

Baba Matso, kai ne mai haƙurin durƙuso. Kai ne ka yi wannan ga iyaye da ba su ƙirguwa, ba a umarce ka ba, ba ya kuma cikin takardar aikinka. Babbar nas ta ce wasu jariran da ka ɗauka ba su koma gida ba, kuma hotonka ne kaɗai abin da iyayensu ke da shi: yatsa, ko tafin ƙafa, ko fatar ido, ba tare da wayoyin da suka raka su ba. Wannan ya girgiza ni, kuma ya ƙara mini ƙaunarka.

Mun gode, Baba. Allah Ya huta gwiwoyin nan, Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu yawo da kyamara a aljihu, har da ni, mu koya daga dattijon nan: kafin ka nuna wa mai fargaba hoto, ka tsaya ka duba abin da ka sa masa a gaba. Ina roƙon ko mutum ɗaya a asibitin ya zauna da shi kafin ƙarshen wata ya karɓi wannan aiki, don akwai uwa a hawa na sama yau ma.

'Yar tana aji huɗu yanzu, tana gaishe ka. Uwarta ta ce in gaya maka kunnen ya girma lafiya lau, jin magana ne kawai har yau bai koya ba.