Hannun Jannatu

Duk wanda ya san kasuwar Azare ya san malfar Malam Hammawa na Bulkachuwa. Da kaba ake saƙa ta, a yi mata baki da jar fata, ta sha ruwan damina uku ba ta saki ba. Makiyaya har daga Gololo suke zuwa nemanta.

Abin da mutane ba su sani ba, shekara tara ke nan rabon Malam da saƙa. Tun da yanar ido ta rufe masa gani, 'yarsa Jannatu ce ke yi. Mijinta ne ya rasu ta dawo gida da 'ya'ya biyu, ita kuwa da saƙar faifai ta tashi. Ranar da ta fara miƙa masa malfa, ya shafa ciki da waje, ya ce, "Ba laifi. Amma in wani ya ji, ban yafe ba."

A bayan ɗaki take zama ta jiƙa kaba ta tsaga, har yatsunta suka yi kanta.

Wata ranar kasuwa Alhaji Zarami, wanda ke sarin malfa yana kaiwa Yobe, ya ce, "Malam, tsufa ya ƙara maka hannu. Ta bana ta fi duk wadda ka taɓa yi."

Malam ya yi dariya. Da ya koma gida ya sa ta kawo guda shida da ta gama, ya lalubi wuƙa ya yayyanka su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, me na yi?"

"Kin fi ni, ko? Gobe ki sake. Irin tawa za ki yi."

Bayan Malam ya rasu aka yi sadakar arba'in, Jannatu ta ɗauki malfa goma ta kai wa Alhaji Zarami. Ya jujjuya ɗaya.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Amma hannun Malam daban ne."

"Alhaji, ai ni ce nake yi masa tun..."

"Haba! Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, za ki yi masa ƙazafi?"

'Yan rumfa suka kwashe da dariya. Kafin ta isa gida magana ta riga ta. Yayanta Abbas ya karɓe wuƙa da basillar da take aiki da su, ya ce ta zubar wa gidansu mutunci.

Yanzu ƙwadago take yi a gonakin mutane, cirar gyaɗa da roron wake. Malfa goman nan kuwa Abbas ya kai su kasuwa da kansa, ya ce ragowar aikin Malam ne. Kafin azahar suka ƙare.